Gwangwani Arba'in da Uku

A unguwarmu ta Yara babu wanda bai san Malam Ɗan'azumi ba, kuma babu mai son haɗuwa da shi idan yana sauri. Malamin lissafi ne a makarantar firamare, dogo, siriri, kullum da farin alli a gefen rigarsa. Mutumin kirki ne, wannan ba na musu, sai dai Allah ya jarrabe shi da lamba. Idan ka ce masa ka sayo lemo goma sha bakwai, ba zai tambaye ka ko da zaƙi ba. Girgiza kai zai yi ya ce ka yi wauta, sha bakwai ba ta rabuwa, da ka ƙara ɗaya da mutum biyu ko uku ko shida ko tara sun raba lafiya. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ce kawai tsakaninmu, don haka na sha wannan karatu fiye da yaran ajinsa.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a yi rabo a bar saura. Wannan kuwa da dalili. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu garka a bayan gida mai bishiyar mangwaro bakwai, su kuma su biyu ne, shi da ƙaninsa Sale direban babbar mota. Kowa ya ɗauki uku, ta tsakiya ta rage. Ɗan'azumi ya auna da igiya ya ce gindinta ya fi karkata wajensa. Sale ya ce shi bai san igiya ba, inuwarta dai a nasa ɓangaren take kwana. Dattawa suka ce a riƙa raba 'ya'yanta duk shekara, kowannensu ya ƙi. Daga nan gaisuwa ta yanke, aka ja zana a tsakiyar gida, shekara da shekaru ke nan. Bishiyar kuwa ta fi sauran shida 'ya'ya, babu mai taɓa ta, jemagu ne suke cin gadon.

Wadda abin ya fi ci a rai ita ce mahaifiyarsu, Iya Hajo. Ɗakinta ya faɗo daidai inda zanar ta ƙare, ƙofa ɗaya amma tana kallon gida biyu. Matar Ɗan'azumi ta kawo tuwo, matar Sale ta kawo tuwo, kowacce kuma sai ta dawo duba kwano ta ga ko an fi cin na wancan gidan. Tsohuwa ta yi ƙiba ba da son ranta ba. Tana dariyar abin a gaban mutane, amma ni na sha jin ta ta bayan katanga bayan sallar asuba tana roƙon Allah kada ya ɗauki ranta yaran nan ba sa magana.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata rabon kuɗin Udoji, garin Keffi ya cika da sababbin babura da rediyo, Iya Hajo ta sami kujerar Makka, za ta tafi tare da ƙaninta. Kowa ya yi murna ban da ita. Da aka gaya mata a jirgin sama za a tafi, sai ta ce a kai kasuwa. Ita dai ta san tsuntsu da fiffike na gashi, ba ta ga dalilin da zai sa ƙarfe ya tashi ba, in kuma ya tashi ba ta ga abin da zai hana shi tunawa da nauyinsa a tsakiyar hanya ba. Aka yi lallashi, aka yi wa'azi, ta ƙi.

A ƙarshe aka kira Malam Ubale, limamin masallacin unguwa, mutum mai sanyin magana. Ya ce abu ne mai sauƙi, a tara jama'a a ja mata Ya Laɗifu ƙafa dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in da ɗaya, da yardar Allah za ta je lafiya ta dawo lafiya. Iya Hajo ta ce in dai an yi wannan kafin motar alhazai ta tashi zuwa Kano, za ta shiga jirgi ko da na kwali ne. In ba a yi ba, ko ƙofar gida ba za ta taka ba.

Ina wurin lokacin da lambar nan ta faɗa kunnen Ɗan'azumi. Ya tsinci tsinke ya fara zane a ƙasa. Can sai ya ɗago kai, idonsa na ƙyalli.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ka san abin da ka faɗa kuwa? Ɗari da ashirin da tara ce sau ɗari da ashirin da tara. Murabba'i ce cikakkiya. In ka jera ta a ƙasa, tsawonta da faɗinta ɗaya, ko ƙwaya ba za ta yi saura ba."

Malam Ubale ya ce ya sani, lissafin haruffan sunan ne aka ninka a kansa.

"To amma mara ce, ba cika ba, mutum biyu ba za su raba ta ba. Huɗu ma haka. Biyar, shida, bakwai, takwas, goma, duk ba ta san su ba. Uku take yarda da shi, sai tara, daga tara kuma ba ta sake kula kowa sai arba'in da uku. Daga nan sai ɗari da ashirin da tara. Lamba ce mai zaɓen abokai, Malam."

Liman ya yi murmushi ya ce ai ba a wahalar da kai haka. Yadda aka saba, a ƙirga ƙwayar masara daidai adadin, a zuba a tsakiyar tabarma, kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kama, kowace ƙwaya ja ɗaya, in tulin ya ƙare an gama. Wanda ya ja da yawa da wanda ya ja kaɗan, Allah ya san kowa.

Ɗan'azumi ya ce Allah ya sani, shi ma kuma ya sani. Ya sha ganin mutum ya ɗebi ƙwaya goma yana gyangyaɗi a kansu, amma in tuwo ya zo ya fi kowa kai loma. A addu'ar mahaifiyarsa ba za a yi wannan ba. Kowa zai ja daidai da ɗan'uwansa. Mutum uku ko tara, aikin ya yi musu yawa. Ɗari da ashirin da tara, babu tukunyar da za ta ciyar da su. Saboda haka arba'in da uku za a kira, kowa ɗari uku da tamanin da bakwai, babu ƙari babu ragi.

Muka dubi Iya Hajo ko za ta tsawata masa. Ba ta kiran sunansa da yake ɗan fari ne, sai ta ce, "A yi yadda malamin makaranta ya ce."

Abin da ya biyo baya, matarsa Zubaidatu ce ta ɗanɗana. Ya kwashe kayan ɗakinta ya share daɓe, ya durƙusa yana jera masara layi-layi, ɗari da ashirin da tara a tsaye, ɗari da ashirin da tara a kwance, wai sai ya ga murabba'in da idonsa. Ya kusa kai rabi wata kaza ta shigo ta rage masa kusurwa guda. Ranar aka ci kaza a gidan, aka kuma sake jeri daga farko. Da ya gama ya kira ni in gani. Gaskiya abin ya yi kyau, daɓe ya koma kamar an shimfiɗa masa zane mai ɗigo-ɗigo. Sannan ya riƙa kwashe layi uku-uku yana zubawa a gwangwanin madara, waɗanda Zubaidatu ta roƙo wajen masu shayin bakin tasha. Gwangwani arba'in da uku suka cika, daɓe ya koma fili, ko ƙwaya ba ta rage ba. Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin nasa a ranar ba.

Ya gayyaci mutum arba'in da biyu, shi ne cikon na arba'in da ukun. Ya gayyaci liman da ladan, da malaman makarantarsu, da mahauta, da surukansa na Garaku, har da Raimi tela, Bayarabe mai shago a bakin kasuwa wanda ba ya wasa da sahun gaba. Bai gayyaci Sale ba. Zubaidatu ta yi masa magana, ya ce lamba ta cika, ba shi ya hana ba.

Aka sa ranar jajibirin tafiya, bayan la'asar, don washegari da sassafe motar alhazai za ta tashi. Kun san halin garinmu, in ƙamshin miya ya tashi ba a jiran gayyata. Tun kafin a idar da salla mutane suka fara ɓullowa ta kowane lungu. Ɗan'azumi ya tsaya a ƙofa yana tacewa kamar mai tankaɗe. Dattijo da gemunsa zai yi sallama ya ce ya zo taya addu'a, sai ya ce masa, "Baba, mun gode, amma da kai za mu zama arba'in da huɗu, tara za ta yi saura." Dattijo ya tsaya yana tunanin wace tara, sannan ya juya yana Allah ya kyauta. A ranar ya ɓata wa rabin unguwa rai.

Waɗanda aka gayyata kuma suka ƙi zama wuri ɗaya. Wasu a zaure, wasu a soro na biyu, wasu sun zaga alwala, wasu sun leƙa gaida tsohuwa. Ya ƙirga ya sami talatin da tara, ya sake ya sami arba'in da biyar, don ladan ya wuce ta gabansa sau uku. Gumi ya fara keto masa.

Boniface ne ya kawo dabara. Makanike ne, garejinsa na kallon gidan, ya daɗe a Keffi har Hausarsa ta fi ta wasunmu gudu, ko da yake ba ta bin hanya. Iya Hajo ta ɗauke shi kamar ɗa, shi ya sa ya rufe gareji ya zo ya tsaya ko da aike.

Ya ce, "Ticha, kai kana ƙirga mutum, mutum yana yawo. Ƙirga takalmi mana. Takalmi ba ya zuwa alwala. Kowa ya shiga ya bar nasa a nan."

Ɗan'azumi ya dube shi kamar ya rungume shi. Ya ce wannan shi ne ilimi, da ma a aji ya same shi. Ya tuɓe nasa ya ajiye, aka kawo na masu alwala, Boniface ya jera su ƙafa bibbiyu a gindin katanga, fade da soso da kubutai da sambatsai. Suka ƙirga tare. Arba'in da biyu. Suka sake daga ɗaya gefen. Arba'in da biyu.

Ɗan'azumi ya dafa bango. Ya ce mutum ɗaya bai zo ba, kuma ko waye Allah ya isa tsakaninsu. Na ce masa a raba gwangwani guda ga sauran mana, kowa ya ƙara kaɗan. Ya dube ni da tausayi ya ce in aka raba wa arba'in da biyu, tara ce za ta yi saura. Na ce ai ɗazu ya ce da arba'in da huɗu ne tara take saura. Ya ce duka biyun haka ne, ko ta gaba ko ta baya tara ce, shi ya sa lambar take da ban tsoro.

Aka bazama neman mutum ɗaya. Sai dai duk wanda za a iya samu a kusa, an riga an kore shi ɗazu. Na je wajen dattijon nan mai gemu, ya ce in gaida malamin, in ce masa yana gida yana jiran tara ɗin. Wani ya ce shi ba cikon mudu ba ne. Rana tana yin ƙasa, tuwo yana hucewa, liman yana duban inuwa. Boniface ya ga abin ya yi tsanani ya ce, "Ticha, ni fa? In an faɗa mini abin da za a ce, zan ce." Malam Ubale ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya sa masa albarka, ya ce ya dai ci gaba da gadin takalma.

Sai ga Zubaidatu ta leƙo daga cikin gida, ta ce Iya na kira. Na bi shi don kada ya faɗi a hanya. Tsohuwa na zaune a bakin gado, akwatinta a ɗaure, ta ɗora ƙafa a kai.

Ta ce, "Na ji an ce mutum ɗaya ya rage."

Ya ce, "Eh, Iya. Ana nema."

"To a daina wahala. A kwance akwatin nan, a ba wani kujerar."

"Haba Iya!"

"Kai ka ce arba'in da uku, ba ni ba. Ni dai na san akwai wani ɗa namiji, musulmi, baligi, a bayan zanar nan. Ban sani ba ko shi ba ya shiga lissafi."

Ɗan'azumi ya dubi akwatin. A gefe guda ga shekarun gaba da ƙaninsa, a ɗaya gefen ga lambar da ba ta yarda da arba'in da biyu, ga kuma uwa da ƙafa a kan akwati. Ban san wanne ya fi ƙarfi a zuciyarsa ba, ina dai zaton lambar ce ta ba shi uzurin da ya daɗe yana nema. Ya juya ya fita ta ƙofar garka, ko takalmi babu, muka bi bayansa.

Sale na zaune a ƙarƙashin bishiyar nan ta tsakiya, wai yana gyaran fitilar mota. Gajere ne kakkaura, mai saurin fushi. Amma na lura da abu biyu. Farar riga ce a jikinsa sabuwa fil, wadda ba mai hankalin da zai taɓa baƙin mai da ita, kuma gemunsa da danshin alwala. Fitilar ma lafiyarta ƙalau.

Ɗan'azumi ya tsaya nesa kaɗan ya yi gyaran murya. Ya ce, yana kallon reshe, "Ana neman mutum ɗaya."

Sale ya ce, yana kallon fitila, "Allah ya ba da sa'a."

"Ɗari uku da tamanin da bakwai ne kawai. Ba yawa."

"Ni ban yi boko ba."

Sannan Ɗan'azumi ya sauke ido ya dube shi, abin da bai yi ba tun rasuwar mahaifinsu, ya ce, "Sale, Iya ta ce a kwance akwati. Ka zo, don Allah."

Sale ya ajiye fitila ya miƙe, ya kakkaɓe rigar da ba ta da ƙura. Ya ce, "Don Iya zan zo, Yaya, ba don kai ba." Amma ya ce Yaya, kuma duk mun ji.

Da suka shigo zaure tare, hira ta ɗauke. Aka tattaro kowa wuri ɗaya, aka zauna sahu-sahu, Ɗan'azumi ya fara raba gwangwani da hannunsa, baki har kunne. Ya ba liman, ya ba ladan, ya bi layi har kan Sale, ya miƙa masa na ƙarshe. Sannan ya juya zai ɗauki nasa, ya tarar tire babu komai.

Ya ƙirga kawuna, yanzu da kowa yake zaune. Arba'in da huɗu, har da shi. Ya fita da gudu ya ƙirga takalma, har da na Sale. Arba'in da uku. Ya dawo ya ce akwai wanda ya shigo gidan nan ba takalmi, ko aljan ne ya faɗa.

Kowa ya dubi na kusa da shi. Can a lungu sai aka ga Raimi tela yana ƙoƙarin ƙanƙancewa, cikinsa ya yi wani irin tudu mai kusurwa a ƙarƙashin riga. Liman ya ce, "Malam Raimi, lafiya?" Raimi ya sa hannu a hankali ya zaro takalmi, sabo dal, mai dunduniya kamar bulo, irin wanda samarin Ikko suke yayi a lokacin.

Ya ce, "Ku yi hankuri, Malam. Jiya-jiya aka kawo mini. Na ga mutane da yawa a ƙofa, na ce kada wani ya yi kuskure da shi. Ni ban san ana ƙirga ba."

Zaure ya fashe da dariya, Boniface daga waje yana rantsuwa cewa shi takalmin da ya gani ya ƙirga. Ashe tun farko mutum arba'in da uku ne cif, ba wanda ya ƙi zuwa. Dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya gane abin da hakan yake nufi. Mutum ɗaya ya yi yawa, kuma kowa ya san wanda ya zo daga baya.

Sale ma ya gane. Ya ajiye gwangwani a tabarma a hankali ya miƙe. Fuskarsa ba fushi, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Ya ce, "Ba komai. Da ma ni ne saura. Ga naka, Yaya."

Na san Ɗan'azumi shekaru masu yawa, na san babu abin da yake so kamar lissafi ya fita daidai. Ga shi ya fita, mutum arba'in da uku, gwangwani arba'in da uku, abin da ya rage kawai ya bar ƙaninsa ya kai ƙofa. Sale ya taka ɗaya, ya taka biyu. Sai Ɗan'azumi ya cafko gefen farar rigar nan har ta yi ƙara.

Ya ce, "Zauna. Gwangwani ɗaya ya ishe mu."

Ladan, wanda bai iya ganin wuta bai ƙara mata itace ba, ya ce, "Malam, to ai rabo bai zo daidai ba ke nan."

Ɗan'azumi ya ce, "Ladan, ja naka."

Suka zauna gwiwa da gwiwa, aka juye gwangwani a tsakaninsu. Liman ya buɗe da addu'a, zaure ya ɗauki amo kamar gidan zuma. Ni ina ja ina satar kallonsu. Ɗan'azumi ya ɗauki ƙwaya, Sale ya ɗauki ƙwaya, kowa na tara nasa a gefe, ba mai wuce wani. Da yake aikinsu rabi ne, sun riga kowa kaiwa ƙarshe. Sai na ga hannuwansu sun tsaya.

Ɗari uku da tamanin da bakwai mara ce. Kowannensu ya ja ɗari da casa'in da uku, ƙwaya ɗaya ta rage a kan tabarma, daidai tsakiya.

Ɗaya bayan ɗaya muka gama namu, muka zuba musu ido. Duk wanda ke zauren ya san labarin bishiyar. Ɗan'azumi ya sa ɗan yatsa ya tura ƙwayar gaban Sale ya ce, "Ɗauka." Sale ya turo ta ya ce, "Kai ne babba." Ɗan'azumi ya mayar ya ce ladan ai ya fi amfani ga mai yawan tafiya a mota. Sale ya dawo da ita ya ce shi ba a yi masa sadaka. Murya ta fara hawa. Mutanen da suka shekara suna faɗa a kan kowa na so, ga su za su sake sabon faɗa a kan kowa ba ya so. Liman ya buɗe baki ke nan sai muka ji takun sanda.

Iya Hajo ce. Shekarunta sun wuce a hana ta shiga zauren maza. Ta ratsa sahu, mutane na janye ƙafa, ta tsaya a kansu. Ta sunkuya da ƙyar ta tsinci ƙwayar, ta ce "Ya Laɗifu" da ƙarfi yadda kowa zai ji, liman ya ce alhamdu lillahi, adadi ya cika.

Ba ta jefa ta cikin tulin ba. Ta riƙe ta a tafin hannu tana dubawa, sannan ta ce, "Tun da ubanku ya rasu haka nake zaune a tsakaninku. Wannan ya turo, wancan ya turo. Ba jirgi nake tsoro ba, ku ji da kyau. Tsoro nake in mutu a can, a zo gaisuwa a rasa gidan da za a shiga."

Sale ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Ɗan'azumi ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya goge, ya sake gogewa. Ni kaina sai da na nemi abin kallo a rufin zaure. Tsohuwa ta ƙulle ƙwayar a bakin mayafinta ta ce a kawo tuwo, ya huce.

Washegari ba ta shiga motar alhazai ba. Sale ya ce uwarsa ba za ta zauna a bayan mota ba alhali yana da tasa. Aka sa ta a gaba, shi a sitiyari, Ɗan'azumi a bakin ƙofa, ita a tsakiya. Tun kafin su fita gari muka jiyo su suna gardama a kan mil nawa ne zuwa Kano.

Ta je ta dawo lafiya, da haƙorin Makka da labarin cewa jirgi bai kai motar Sale girgiza ba. Kafin ta dawo an cire zanar, Zubaidatu da matar Sale sun koma tukunya ɗaya, tsohuwa ta fara ramewa cikin kwanciyar hankali.

Da bazara ta zo mangwaro ya nuna, aka kira mu kaɗar bishiyar tsakiya, karo na farko. Boniface ya hau yana girgiza rassa, 'ya'ya na zubowa kamar ruwan sama, aka tara tuli guda a inuwa. Na ga Ɗan'azumi ya matso, leɓensa ya fara motsi, ɗan yatsansa ya fara nuni. Hajiya Hajo na zaune a tabarma, carbi kawai ta ɗaga ta ɗan buga masa a bayan hannu. Ya dubi hannun, ya dubi tulin, ya dubi Sale. Sai ya zaɓi babba guda ya miƙa wa ƙaninsa, ya ɗauki wani ya gatsa, ruwan na bin gemunsa.

Na tambaye shi daga baya ko nawa ne a tulin. Ya ce bai sani ba.